Gyaran da Ba a Gani: Aibin Manhajar Bidiyo da Amanar Mai Nazarin Harshe

Akwai wani nau'in rubutu da ba a koyar da shi a ajin adabi, ba a kuma cika samun mai karanta shi ba, ko da yake yana rakiyar kusan kowace manhaja da muke girkawa a kwamfuta. Shi ne jerin gyare-gyaren da masu manhaja kan fitar duk lokacin da suka saki sabon bugu, wato kamar yadda muke cewa bugu na biyu ko na uku na littafi. Gajerun jimloli ne a jere, ba ado ba kwalliya: an gyara abin da ke sa sauti ya riga hoto, an gyara abin da ke sa manhaja ta rufe kanta idan fayil ya yi girma, an gyara launin da ke fitowa a koɗe a kan wani katin ɗaukar hoto. Yawancin mutane tsallake shi suke yi. Ni kuwa shekaru da dama ke nan ina bin irin wannan jeri layi bayan layi, domin aikina na nazarin Hausa ya rataya ne a kan maganar da aka naɗa, ita kuwa ba ta isowa kunnena sai ta ratso ta cikin manhaja.

A nazarin adabin baka mun saba mu tambayi mai bincike: wa ya gaya maka, a wane gari, shekarunsa nawa, shi kuma a bakin wa ya ji? Muna yin haka ne domin mun san duk bakin da magana ta bi yana iya ƙara mata ko ya rage mata. Amma ba mu cika tambayar wace manhaja ce ta kwashe maganar daga kaset zuwa kwamfuta ba, ko wane bugu nata ne, ko an taɓa kama ta da wani aibi. Muna ɗaukar na'ura tamkar gilashin taga, wanda duk abin da ke bayansa haka zai bayyana. Abin da aiki ya nuna mini shi ne, manhajar ɗauka da sarrafa bidiyo ita ma mai ruwaya ce a cikin salsalar da ta kawo mana magana. Tana da wuraren da take tuntuɓe, jerin gyare-gyarenta kuwa shi ne tarihin wannan tuntuɓe. Ɗalibin da bai san tarihin ba yana iya gina babi sukutum a kan abin da mai magana bai taɓa yi ba.

Sunan abin

Masu Turanci suna kiran irin wannan aibi da sunan ƙwaro. Ana yawan danganta sunan da abin da ya faru a Jami'ar Harvard ta Amurka ranar 9 ga Satumba, 1947, lokacin da ma'aikatan kwamfutar Mark II suka tarar da wani ƙwaro mai fiffike, dangin malam-buɗe-littafi, ya maƙale a cikin wani makunnin lantarki, suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Sai dai kalmar ta girmi wannan labari, domin Thomas Edison ya yi amfani da ita da wannan ma'ana tun a 1878.

A Hausa na ga ya fi kyau mu rarrabe abubuwa uku da sukan cakuɗe. Kuskure na mutum ne, wato abin da mai rubuta manhaja ya yi ba daidai ba ko ya manta bai yi ba. Aibi shi ne abin da kuskuren ya bari a jikin manhajar, yana nan kwance ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Tangarɗa kuwa ita ce abin da mai aiki ke gani ranar da aibin ya motsa. Ɗan gyaran da ake liƙa wa manhaja domin toshe aibi guda, ba sai mun je nesa neman sunansa ba: faci ne, irin wanda mai faci ke yi wa tayar keke. Wannan rarrabewa tana da amfani, saboda aibi yana iya shekara goma a kwance bai haifar da tangarɗa ko ɗaya ba, sai ranar da ya gamu da kaset ko na'urar da ta tsokano shi.

Agogo biyu a ɗaki ɗaya

Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, yana ajiye hoto da sauti ne a jikin zare mai maganaɗisu. Idan za a mayar da shi kwamfuta, sai katin ɗaukar hoto ya yayyanka motsin zuwa hotuna tsayayyu da ake kira firam, guda 25 a kowane sakan a tsarin talabijin na ƙasashenmu, wato kowane firam yana cin milisakan 40. Shi kuma katin sauti yana auna muryar sau 44,100 ko sau 48,000 a sakan. Inda gizo ke saƙa shi ne, sau da yawa kowane kati da nasa agogon yake aiki, agogo biyu kuwa ba sa taɓa tafiya daidai wa daida. Idan agogon sauti ya kauce da kashi 1 cikin 10,000 kawai, bayan awa guda tazarar ta kai sakan 0.36, wato firam 9. Idan kuma zaren kaset ya tsufa, katin yakan kasa kama wasu firam ɗin ya zubar da su. Firam 50 da aka zubar ba a cike gurbinsu ba sun isa su sa hoto ya riga sauti da sakan 2.

Mazubin AVI, wanda Microsoft ya gabatar a 1992 kuma ya daɗe yana zama fayil ɗin da ake ɗaukar bidiyo a cikinsa, ba ya rubuta wa kowane firam lokacinsa. Abin da yake yi shi ne ya faɗi gudun bidiyon sau ɗaya a goshin fayil, sannan ya ɗauka cewa komai zai bi wannan gudu har ƙarshe. Saboda haka nauyin daidaita agogunan nan biyu ya koma kan manhajar ɗauka: ita za ta ƙirga firam ɗin da suka zube, ta sa fanko a gurbinsu, ta ɗan ja sautin ko ta ɗan matse shi domin ya tafi tare da hoto.

Wanda duk ya yi wannan aiki a shekarun baya ya san VirtualDub, manhajar Windows da wani Ba'amurke, Avery Lee, ya fara rubutawa yana ɗalibi, ya kuma sake ta kyauta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar duba rubutun tushenta ya gyara. Tun daga wajen shekarar 2000 har zuwa bugu na 1.10.4 da ya fito a watan Oktoban 2013, mutum guda ne ke ɗauke da yawancin aikin, daga baya wasu suka ci gaba da reshenta da sunan VirtualDub2. Wanda ya bi jerin gyare-gyarenta zai ga cewa sashen ɗaukar bidiyo yana dawowa a kai a kai, saboda katunan ɗauka iri-iri ne, kowanne da irin yadda yake ba da rahoton lokaci, kuma babu mai manhajar da zai mallake su duka ya gwada.

Nan da can

Wani malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya zaga wasu ƙauyuka na jihar Maraɗi a farkon shekarun 1990 da kyamarar bidiyo, yana naɗar tsofaffi suna ba da tarihin garuruwansu. Bayan rasuwarsa aka mayar da kaset-kaset ɗin kwamfuta, aka kuma adana na asalin a kabad. Shekaru bayan haka na ba wata ɗaliba ɗaya daga cikin fayilolin domin ta nazarci kalmomin nuni. Wata tsohuwa ce zaune a ƙofar gida tana bayyana inda kufan garinsu yake, da inda rijiya ta farko take, da inda marina take kafin a tashi.

Ɗaliban Hausa sun san cewa nan da can kalmomi huɗu ne da rubutun boko ya mayar biyu. Nan mai faɗuwar karin sauti tana nuna wurin da mai magana yake, nan mai karin sama tana nuna wajen mai sauraro. Can mai faɗuwa tana nuna wuri mai ɗan nisa, can mai karin sama kuwa ta fi ta nisa. A tsohon kaset mai iska da kukan awaki, karin sautin ba ya fita sosai a kunne, don haka hannun mai magana da haɓarta da idonta su ne shaidar da ke raba gardama.

Bayan mako biyu ɗalibar ta zo ofis da kwamfutarta ta ce, “Allah gafarta Malam, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Daga tsakiyar hirar nan, Iya tana cewa can amma hannunta yana nuna gindin ƙafarta, idan ta ce nan kuma sai ta miƙa hannu gabas. Ko karin harshensu ne haka?”

Na ce mata, “Malama, kafin mu ɗora wa karin harshe, bari mu dubi leɓɓanta.”

Muka nemi kalmomin da ke da b da m, waɗanda dole leɓe ya haɗu kafin su fita. A minti na farko leɓe da sauti suna tare. A minti na 20 sun fara rabuwa. A wajen minti na 50 leɓɓan tsohuwar sukan rufe su buɗe, sai bayan kusan sakan 2 a ji sautin. Tsohuwar kuwa mai saurin magana ce, tana jera nan da can kusa da kusa, saboda haka nunin wannan kalma sai ya faɗa kan waccan. Da muka binciki jerin gyare-gyaren manhajar da aka yi kwafin da ita, sai muka tarar da layi guda a wani bugu na baya-bayan nan da ke cewa an gyara ƙirgar firam ɗin da ke zubewa a kan irin katin da aka yi amfani da shi. Muka ɗauko kaset na asali aka sake ɗauka da sabon bugu, hannun Iya ya koma kan maganarta. Kaset biyu daga cikin tarin ba su karɓi wannan gata ba, domin danshi ya riga ya manne zarensu. Abin da ya rage mana daga gare su shi ne tsohon kwafi mai zamiya, wanda sai an bi shi minti bayan minti ana gyarawa da hannu, kuma ba mai iya rantsuwa cewa ya dawo daidai.

Da ɗalibar ba ta yi tambaya ba, da an rubuta a kundin digiri cewa mutanen wani yanki suna amfani da can wajen nuna wuri na kusa, da misalai da lambar minti, wani ya zo ya kafa hujja da shi. Tsohuwar ta rasu, mai naɗar ya rasu, babu wanda zai tashi ya ce ba haka aka yi ba.

Aibi mai ihu da aibi mai shiru

Idon mutum da kunnensa suna da iyakar abin da suke yafewa. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta nuna a ƙa'idarta mai lamba BT.1359 cewa mai kallo yana fara lura idan sauti ya riga hoto da milisakan 45, ko ya makara da milisakan 125. Mun fi haƙuri da makarar sauti saboda haka duniya ta saba mana: idan ka hango mace tana daka daga nesa, taɓarya za ka fara gani ta sauka kafin ka ji ƙarar turmi. Haka kuma, tun a 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa idan aka haɗa sautin ba da hoton bakin da ke furta ga, mutane da yawa da suke ji. Ke nan abin da ido ya gani yana shiga cikin abin da kunne ya ji, mai rubuta magana daga bidiyo kuwa da ido da kunne yake aiki.

Wannan ne ya sa na raba aibin manhaja gida biyu. Akwai mai ihu, wanda ke sa manhaja ta sandare ko ta rufe kanta. Yana ɓata rai, yana cin lokaci, amma ba ya yaudara, domin kowa ya san aiki bai yiwu ba. Akwai kuma mai shiru, wanda ke barin manhaja ta kammala, ta miƙo fayil mai kyan gani alhali cikinsa ya goce. Ga mai bincike, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga misali guda na aibi mai shiru. Idan aka naɗi sauti a ma'aunin 48,000 amma manhaja ta karanta shi a matsayin 44,100, maganar za ta yi nauyi da kusan kashi 8 cikin 100, kowane wasali ya ƙara tsawo, muryar da ke kan 120 a ma'aunin Hertz ta sauko wajen 110. Wanda bai san mai maganar ba ba zai ji wani abu ba. Amma ɗalibin da ke auna tsawon wasali a Praat domin ya raba gari na zama da gari na tuwo, ko yake auna karin sauti domin ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, duk alƙalumansa za su karkata, idan kuma ya kwatanta su da na wani kaset da aka kwafe daidai, sai ya ga bambancin da babu shi. Haka abin yake ga bidiyon da ya fito daga Amurka mai gudun firam 29.97: manhajar da ta ɗauke shi a matsayin 30 cif za ta haifar da tazarar sakan 3.6 a kowace awa.

Girman fayil da ɗaukewar wuta

Wani rukunin gyare-gyare ya shafi girman fayil. AVI na asali yana rubuta girmansa a cikin gurbi mai bit 32, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce gigabait 4, manhajoji da yawa kuwa a gigabait 2 suke tsayawa. Bidiyon da ba a matse ba, mai faɗin ɗigo 720 da tsayin 576, yana cin kusan megabait 21 a sakan, wato kafin minti 2 ya cika gigabait 2. Da lamba ta cika ta tumbatsa sai ta juye, fayil ya ƙi buɗuwa ko ya yanke a tsakiya. A 1996 aka fitar da ƙarin OpenDML domin faɗaɗa mazubin, VirtualDub kuma ta zo da dabarar yanka ɗauka guda zuwa fayiloli da dama a jere ba tare da an rasa firam a mahaɗarsu ba.

Na biyu ya fi kusa da rayuwarmu. Fayil ɗin MP4 na yau da kullum yana rubuta fihirisarsa ne a ƙarshe, bayan an tsayar da ɗauka. Idan wuta ta ɗauke a minti na 58, bayanan suna nan a faifai amma babu taswirar da za a bi a karanta su. Shi ya sa masu OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo da aka fara a 2012, suka daɗe suna gargaɗin a ɗauka a mazubin MKV, wanda yankewa ba ta kashe shi, daga baya a juya shi zuwa MP4. A bugu na 30.2 da ya fito a 2024 suka ƙara wani sabon salon MP4 da ke rubuta kansa gunduwa-gunduwa, ta yadda ko an yanke shi abin da aka riga aka ɗauka zai tsira. Mai zaune inda wuta ba ta ƙiftawa yana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. Mu da ke aiki da kunne ɗaya a kan janareta mun san darajarsa.

Masu facin

Yawancin manhajojin bidiyo da muke amfani da su, har da VLC da OBS Studio da HandBrake, suna jingine ne da FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, Michael Niedermayer kuma ya jagorance ta daga 2004 zuwa 2015. Saboda haka faci guda a cikinta yakan gyara manhajoji da yawa, aibi guda kuma yakan bazu haka nan. A watan Janairun 2014 wasu injiniyoyin tsaro biyu na Google, Mateusz Jurczyk da Gynvael Coldwind, suka sanar cewa aikin da suka yi na kusan shekara biyu ya kai ga gyara aibi fiye da 1,000 a cikin FFmpeg. Dabarar da suka bi ita ce su lalata fayilolin bidiyo da gangan ta hanyoyi masu ɗimbin yawa, su ɗura wa manhajar, su ga wanne zai kayar da ita. Wannan aiki ya shafe mu kai tsaye, domin fayil ɗin da ya fito daga tsohon kaset ko daga katin ajiya mai ciwo, shi ma lalatacce ne, sai dai ba da gangan ba.

Gyara kuma yana da nasa haɗarin. Sau da yawa facin da ya toshe wannan ɓaraka shi ke buɗe wata a wani gefe, a yi gyaran gangar Auzinawa. Domin haka FFmpeg take da tarin gwaje-gwaje mai suna FATE, wanda ke sake sarrafa samfuran bidiyo bayan sauye-sauye yana kwatanta sakamakon da na da. A jerin gyare-gyaren VirtualDub kuwa akan ware wani sashe musamman ga aibin da wani bugu na baya ya jawo, wato mai manhajar yana rubuta wa duniya cewa ga abin da gyaransa na jiya ya ɓata. Wannan yana tuna mini al'adar magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu, waɗanda kan yi muƙabala tsakanin kwafi da asali, idan sun ga kalma ta faɗi su rubuta ta a gefen shafi su sa mata alamar sahha. Ba su kankare shafin su nuna kamar ba a taɓa kuskure ba, kuma saboda wannan alama ne mai nazari a yau yake ƙara amincewa da kwafin.

Haruffa masu ƙugiya

Akwai aibin da ba wanda zai gano shi sai mu. Tsofaffin manhajojin Windows da yawa an gina su ne a kan teburin haruffa mai gurbi 256, wanda ya ɗauki haruffan Faransanci masu wasali da alama amma bai ɗauki ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Su waɗannan suna cikin tsarin Unicode, inda ƙ take da lamba U+0199, ɗ kuma U+0257. Manhajar da ba a kammala mayar da ita kan Unicode ba takan mai da su alamar tambaya, ko ta ce ba ta ga fayil ba alhali yana gabanta.

Na taɓa gamuwa da haka a wata manhaja ta kyauta, wadda ke ƙin liƙa rubutun ƙasan hoto muddin sunan fayil ɗin yana da harafi mai ƙugiya. Na rubuta wa masu ita rahoto: ga bugun da nake amfani da shi, ga irin kwamfutar, ga matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, ga abin da na sa ran gani, ga abin da na gani. Na haɗa da bidiyon sakan 10 da na ɗauki bangon ofis, na sa masa suna ƙwarya, domin bai dace a aika wa baƙi maganar tsofaffin da suka ba da amanarta ga malaminmu ba. Bayan kwana uku wani ɗan sa-kai ya amsa cewa ya maimaita matakan ya ga tangarɗar da idonsa, ya kuma tambaye ni wane harshe ne wannan. Bayan wasu makonni gyaran ya fito, layi ɗaya a cikin jeri. Mutumin bai san Hausa ba, ba shi kuma da hanyar sanin wannan aibi sai wani mai rubuta Hausa ya gaya masa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, masu manhajar kyauta kuwa sun fi kowa sanin haka.

Sai dai kafin a kai ƙara a tabbata laifin na manhaja ne. Nijar da Chadi sun bi tsarin launi na SECAM a zamanin tsohuwar talabijin, Najeriya da Ghana kuma suka bi PAL. Kaset ɗin SECAM da aka saka a na'urar da PAL kaɗai ta sani zai fito fari da baƙi, kuma babu facin da zai dawo da launin, sai an sauya na'ura. Hanyar ganewa ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda: wani kaset a na'ura ɗaya, wata na'ura da kaset ɗaya, wata manhaja da kati ɗaya, har a ga wanda tangarɗar ke bi.

Abin da nake nema daga ɗalibai

Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna VHS, ya daina a watan Yulin 2016. Na'urorin da suka rage suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zaren kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura da danshin damina. Ke nan wasu kaset-kaset ɗin da ke kabad-kabad na jami'o'inmu da gidajen rediyo da talabijin sau ɗaya kawai za su sake kunnuwa, duk abin da manhaja ta yi a wannan karo shi zai zama asali ga waɗanda za su zo bayanmu.

Bisa ga haka, ina neman abubuwa kaɗan daga duk ɗalibin da zai yi aiki da bidiyo. Kada ya yar da kaset na asali don an kwafe shi. Ya ajiye kwafin farko ba tare da matsewar da ke zubar da bayani ba, alal misali da FFV1 a cikin MKV, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2021 da lamba RFC 9043, sannan ya fitar da ƙaramin kwafi na aikin yau da kullum. Idan shi ne mai naɗar sabuwar hira, ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farko, ya sake tafawa a ƙarshe, domin a sami wurin auna zamiya. Idan tsohon kwafi aka ba shi, ya duba leɓe da sauti a farko da tsakiya da ƙarshe kafin ya rubuta kalma ɗaya a ELAN. Kada ya sabunta manhaja a tsakiyar aiki sai ya karanta jerin gyare-gyaren ya ga ko akwai layin da ya shafi sauti ko lokaci ko launi, idan akwai kuwa ya koma ya duba abin da ya riga ya sarrafa. Idan ya gamu da aibi ya rubuta rahoto, ko da Faransanci ko da Turancin da bai goge ba.

A babin hanyoyin gudanar da bincike kuma, inda ake rubuta sunan gari da shekarun mai magana da ranar hira, ina so in ga layi guda da ya faɗi na'urar da ta kunna kaset, da katin da ya ɗauka, da sunan manhaja da lambar bugunta. Ranar da aka gano wani aibi a wannan bugu, ko bayan shekara ashirin ne, mai karanta kundin zai san waɗanne misalai ne ya kamata ya sake dubawa.